Yadda Ake Neman Bakaniken da Zai Sake Ɗaura Injin Tsohon Babur

Idan injin tsohon babur ya gaji, irin su Honda CG125 na farko, Benly CD175, Suzuki A100, Yamaha YB100 ko Vespa, masu gyara ba su yi ƙaranci ba, kowace unguwa akwai rumfar bakanike. Abin lura shi ne yawancin matasan da ke rumfunan yau a kan baburan haya na China da Indiya suka koyi aiki, inda kayan gyara ke da araha, har ya fi sauƙi a jefar da bulok da fistin a sa sababbi a kan a tsaya aune-aune. Wannan ya dace da Boxer da Jincheng. Amma babur mai shekara 40 ko 50, in aka lalata masa bulok ko aka tsaga kan silinda, sai a yi wata da watanni ana yawon neman wani. Saboda haka wanda kake nema shi ne mai aunawa kafin ya ce a sayo, kuma duk matakan da ke tafe hanyoyi ne na gano shi.

Fara da sanin abin da ke hannunka

Kafin ka je wurin kowa, goge jikin injin ka kwafi lambarsa, ka kwafi ta firam ma, ka gwada su da na takardun babur. Sunan babur kaɗai ba ya isa wajen sayen kaya. CG125 da Honda ta fara fitarwa a 1975 ya yi ta sauyawa: na farko wutarsa bolt 6 ce kuma da kwantak yake aiki, wato ƙarafa biyu masu buɗewa da rufewa don ba fulogi wuta, na baya bolt 12 da CDI, akwatin lantarki mai yin wannan aiki, akwai mai giya huɗu, akwai mai biyar.

Sannan ka san dangin injinka. CG125, Benly da Honda Cub baƙin mansu a cikin inji yake zama, suna da bawul. A100, YB100 da Vespa kuwa tu-sitirok ne, suna ƙona mai tare da fetur, ba su da bawul irin na waɗancan. Hannu biyu ne daban. Ana samun gwanin Honda da bai taɓa raba cikin Vespa ba, kuma wannan ba aibi ba ne, muddin ya faɗi gaskiya.

Rubuta alamomin ciwon yadda suke: hayaƙi shuɗi ne ko baƙi, da safe kaɗai yake yi ko kullum, ƙarar daga sama take fitowa ko daga ƙasa, baƙin mai nawa yake sha a mako, kiki yana da nauyi ko ya saki. Baƙin hayaƙi yawanci fetur ne ya yi yawa, aikin kafireta ne ko matatar iska, bai kai a sauke inji ba. Shuɗi shi ne na mai.

Inda ake tambaya

Wurin da ya fi dacewa a fara shi ne shagon mai injin borin, wato injin da ke buɗa cikin bulok. Shi ne yake karɓar bulok da karanshaf daga hannun bakanikai iri-iri, ya san wanda ke zuwa da fistin a hannu yana faɗin awon da yake so, ya san wanda ke aiko yaro da bulok a leda a ce "a buɗa shi" kawai. A Kaduna akwai irin waɗannan masu aikin ƙarfe a Panteka, kuma kowane babban gari yana da nasa. Ka gaishe shi, ka ce, "Maigida, a cikin masu kawo maka aikin tsofaffin babura, wa ya fi tsanani a kan awo?" Sunan da ya ambata, riƙe shi.

Na biyu, dattawan da har yanzu suke hawa irin babur ɗinka. In ka ga Vespa ko Benly mai tsabta a ƙofar masallaci, tana tashi da bugu ɗaya kuma ba ta ɗigar mai, jira mai ita. Tambayar da za ka yi ita ce yaushe aka sauke injin, wa ya ɗaura, kuma an sake buɗewa tun lokacin ko a'a. Injin da ya yi shekara biyu ko uku yana aiki bayan ɗauri shi ne shaida. Wanda aka ɗaura makon jiya bai nuna komai ba tukuna. Na uku, tsofaffin 'yan kasuwar kayan babur, sai dai ka tuna wani zai tura ka ne wurin mai saye a hannunsa. Idan suna ɗaya ya fito daga bakin mutum biyu ko uku da ba su san juna ba, ka kama hanya.

Sau da yawa za ka tarar mutumin dattijo ne, rumfarsa ba cunkoso, wataƙila ma yaransa ke yawancin aikin. Da tsohuwar zuma ake magani, amma ka tabbatar shi da kansa zai yi awo da ɗauri, ko aƙalla yana zaune a kai.

Je ka zauna ka kalli hannunsa

Zuwan farko, kada ka kai babur don aiki. Zauna a benci kamar awa guda, gani ya kori ji. Dubi inda yake ajiye kayan injin da ya buɗe. Idan fistin da boris suna kwance a kan ƙasa cikin rairayi, magana ta ƙare, domin ƙwayar yashi ɗaya a cikin boris ɗin karanshaf ta isa ta cinye aikin. Mai kula yakan sa tire ko kwano, kayan kowane inji daban, ya rufe da tsumma, musamman lokacin hunturu da ƙura ke tashi.

Dubi kayan aikinsa kuma. Ba sai sun yi yawa ba, amma akwai waɗanda babu makawa:

Fila-gej, wato siraran ƙarafan nan masu lamba da ake auna tazarar bawul da bakin ringi da su. Fula ta cire magneto. Wanda ke buga magneto da guduma yana lanƙwasa bakin karanshaf ne ko ya lalata zarensa. Sukudireba ta bugu, domin sukurorin tsofaffin baburan Japan sun daɗe a ɗaure, kuma kansu ya ɗan bambanta da na sukudireba mai kuros da aka saba, shi ya sa ake yawan cinye musu kai. Sifanar auna ɗauri, don notocin kan silinda. Sai maikuromita, mai auna kaurin fistin, da agogon auna cikin bulok. In ba shi da waɗannan biyun ba laifi, matuƙar mai borin ɗin da yake hulɗa da shi yana da su.

Akwai wata alama ƙarama da ke faɗin abu da yawa. A CG125, a gefen dama na karanshaf, akwai matatar mai mai juyawa, wadda wani noti mai tsaga huɗu ke riƙe da ita. Notin yana da soket ɗinsa na musamman. Wanda ba shi da shi kurfi da guduma yake sa wa, kuma za ka ga tabon a jikin notin. Tambaye shi da me yake kwance shi.

Tambayoyin da ke rarrabe gwani

Yi su cikin ladabi, a matsayin mai neman sani, kada ya ji kamar jarrabawa ce. "Baba, wannan hayaƙin, ta yaya za mu gane ringi ne ko bawul kafin a buɗe?" Amsa mai kyau ita ce a auna matsin silinda: a cire fulogi, a sa agogon auna matsi, a buɗe totur gaba ɗaya, a yi ta buga kiki har allura ta tsaya. Ƙaramin inji mai bawul da ya kasa kai 100 a ma'aunin psi ya yi rauni sosai. Sai a zuba baƙin mai cokalin shayi ɗaya ta ramin fulogi a sake. In matsin ya hau, ringi ne ko bulok. In bai motsa ba, bawul ke zuba ko gaskit ɗin kai.

Tambaye shi tazarar bawul. A CG125 milimita 0.08 ce, a Cub C70 kuwa 0.05, kuma inji na sanyi ake saitawa, fistin yana sama a kan alamar T ta magneto. Alamar F ta saita wuta ce. Wanda ya ce da kunne yake saitawa, yana iya dacewa, amma bawul ɗin da ya matse ba ya ƙara, shiru yake yi har ya ƙone. Idan ya ce zai canza wa CG125 sarƙar taimin, to bai san injin ba: ba shi da ita, sanduna ne ke tura bawul daga ƙasa. Honda ta yi shi haka da gangan don ƙasashen da ba a canza mai a kan lokaci. Benly da Cub su ne masu sarƙa.

Ga mai tu-sitirok, tambayar ita ce oyil-sil na karanshaf, wato robar da ke hana mai da iska zurarewa. Gwani zai ce dole a canza duka biyun, ko da sun yi kama da masu lafiya, saboda robar da ta shekara 30 ta bushe. In na gefen magneto ya saki, injin na zuƙar iska, sulo ya riƙa hawa da kansa, zafi ya yi yawa, fistin ya kama ko ya huje. In na gefen kuloci ne, man giya yake sha, hayaƙi ya yi kauri, man giya ya riƙa raguwa ba tare da ɗiga a ƙasa ba. A100 da YB100 kafiretarsu a ɓoye take cikin murfin dama, kuma wani faifai mai juyawa ne ke buɗe wa fetur hanya. Yana da yadda ake daidaita shi da karanshaf, in an kuskure injin ba zai ja ba. A Vespa kuwa jikin karanshaf ɗin ne ke yin wannan aiki, kuma in tana fitar da giya da kanta, ƙarfen nan mai siffar kuros da ke zaɓen giya ne ya cinye.

Idan ya ce, "Wannan sai na duba littafi," ko "sai na tambayi wane," ƙara masa daraja a ranka. Littattafan gyaran waɗannan babura suna samuwa a intanet; buga shafukan awo ka kai masa. Wanda za ka guje shi ne mai yanke maka kuɗin komai da jerin kayan saye tun bai kwance noti ɗaya ba.

Kafin babban aiki, ba shi ƙarami: wankin kafireta, saitin bawul, saitin kwantak, wanda tazararsa ke tsakanin milimita 0.3 da 0.4. Ka ga ko ya cika alkawarin rana, ko sukurori sun koma cif, ko ya ba ka tsoffin kayan da ya cire ba tare da ka roƙa ba.

Yarjejeniya

Raba aikin gida biyu. Kashi na farko: saukewa, wankewa da aunawa, da kuɗinsa daban. Bayan an ga abin da ke ciki sai a yi cinikin kashi na biyu. Wannan yana kare ku duka, domin ba wanda ya san halin karanshaf kafin a buɗe, kuma in ba ku daidaita ba kana iya kwashe kayanka ba rigima.

A buɗe injin a gabanka. Ɗauki hoton komai da waya, har da kafireta da magneto da lambar inji. Kafiretar asali, Keihin a Honda, Mikuni a Suzuki da Yamaha, Dell'Orto a Vespa, ta fi sabuwar kwaikwayo daraja nesa ba kusa ba, kuma a rumfa mai yara da yawa kaya na cakuɗewa ko ba da mugun nufi ba. Haka kuma kada a musanya ɓarin injin da lamba ke jiki ba da saninka ba, don takardunka za su saɓa da babur.

A rubuta a takarda, da shaida ɗaya: kuɗin hannu, wanda zai sayo kaya, ranar gamawa, da cewa za a dawo da tsoffin kaya. Ba da kafin alƙalami daidai gwargwado, kuɗin kaya kuma a biya lokacin da za a saya. Riƙe wani kaso, kamar kashi ɗaya cikin huɗu na kuɗin hannu, sai bayan dubawar kilomita 500. Faɗi wannan tun farko, da fuska sake, kada ya zo masa daga baya kamar rashin yarda.

Awo da borin, inda aikin yake

Nan ne ake cin nasara ko a yi asara, don haka bi bulok ɗin zuwa wurin mai borin da ƙafarka.

Faɗin silindar CG125 na asali milimita 56.5 ne. Ana auna shi sama, tsakiya da ƙasa, ta fuska biyu, domin bulok ba ya cinyewa daidai: ya fi buɗewa a sama, kuma ta gaba da baya. Idan tazarar fistin da bango ta kai wajen milimita 0.10, sabon ringi kaɗai ba zai yi magani ba, hayaƙi zai dawo cikin 'yan makonni. Fistin na ƙari yana zuwa mataki-mataki: 0.25, 0.50, 0.75 da 1.00. Duba kan tsohon fistin bayan an kankare baƙin, galibi lambar tana rubuce. A ɗauki mataki mafi ƙanƙanta da zai share zanen da ke bango. Wanda ya tsallaka zuwa 1.00 saboda shi ne ke akwai a kasuwa ya cinye wa bulok ɗin sauran rayuwarsa. Daga nan sai sa sabon hannun riga na ƙarfe a ciki, aikin da ba kowa ke iyawa ba.

Ƙa'ida ita ce a sayi fistin tukuna, a kai shi tare da bulok, a yi borin a kan awonsa. Bayan borin sai gogewa da dutse, wadda ke barin siraran zane masu gilma juna a bango. Su ne ke riƙe mai har ringi ya zauna. A tu-sitirok dole a ɗan kashe kaifin bakin ramukan da ke jikin silinda, in ba haka ba ringi zai sarƙe ya karye. Sannan a wanke bulok da ruwan zafi da sabulu, a yi ta shafawa da farin tsumma har ya fito fes, a busar, a shafa mai nan take. Fetur kaɗai ba ya fitar da garin dutsen, kuma garin nan shi ne ke cinye sabon ringi.

Kowane ringi a sa shi cikin silinda shi kaɗai, a daidaita shi da kan fistin, a auna bakinsa da fila-gej. A inji mai girman CG125 ana son kamar milimita 0.15 zuwa 0.35. In ya matse, da ya yi zafi bakunan za su haɗu ya kama bango.

Karanshaf kuma: a riƙe kwanrod, sandar da ke haɗa fistin da karanshaf, a ja sama a tura ƙasa. Ɗan motsi gefe da gefe daidai ne, amma sama da ƙasa ko kaɗan ba a so. In akwai, sai an raba karanshaf da injin matsa an sa sabon kwanrod da fin da boris, sannan a ɗora shi a kan agogo a daidaita har karkatarsa ta koma 'yan ɗigo kaɗan, ƙasa da milimita 0.05. Karanshaf da aka haɗa da ido yana sa babur rawa, ya ci boris, ya ɓata oyil-sil. Tambayi wanda zai yi wannan aikin musamman, domin sau da yawa ba bakaniken ba ne.

A kan silinda, a girgiza kowane bawul a cikin gidansa. In yana lilo, gidan ya cinye, kuma girandin, wato goga bawul a mazauninsa, shi kaɗai ba zai hana shan mai ba. Bayan girandin a ɗaura bawul, a zuba fetur ta hanyar shiga da ta fita, a jira 'yan mintuna. Bai kamata ya tsatso ba.

Kayan gyara

Tsofaffin kayan asali da suka kwana a shago, in an samu, su ne kan gaba. Akan same su wurin tsofaffin 'yan kasuwa, wasu kuma sai an aika Nnewi, wadda ta yi suna a cinikin kayan babur. Mai CG125 ya yi sa'a, domin baburan China da yawa kwaikwayon injinsa ne, amma kada a ɗauka komai zai shiga: akwai fistin mai fin na milimita 15, akwai mai 13, kuma magneton kwantak da na CDI ba lallai su hau karanshaf ɗaya ba. Je kasuwa da tsohon abin a hannu. Boris yana da lamba a jikinsa, irin su 6204 ko 6205, wani da ƙarin C3. A sayi mai lamba iri ɗaya daga kamfanin kirki. Araha ba ta ado a nan. Kilif ɗin fin, gaskit da oyil-sil kuwa sababbi ake sawa kowane ɗauri.

Ranar ɗauri

In za ka iya, kasance a wurin. Boris ana dumama gidansa ne ya shige salin-alin, ba a dukansa. Fistin ɗin Honda yana da alamar IN, tana kallon kafireta. Na tu-sitirok kibiya ce, tana kallon salansa, kuma bakin ringinsa dole ya zauna kan ɗan ƙusar da ke cikin ramin. A inji mai bawul ana rarraba bakunan ringi, kada su yi layi ɗaya, rubutun jikinsu yana kallon sama. A toshe bakin inji da tsumma kafin a sa kilif, don in ya faɗa ciki sai an sake rabawa.

Kula da gam. Bakanike da yawa suna lafta shi a kan gaskit don tsoron ɗiga, rarar ta matso ciki, ta gutsure, ta toshe hanyar man da ke hawa sama. Inji ya tashi lafiya, bayan kwana biyu kan silinda ya bushe ya ci kansa. Fuska mai tsabta da gaskit mai kyau sun wadatar, sai inda littafi ya ce a shafa, shi ma siriri. A buɗe matatar mai mai juyawa a kwashe dattin da ya daskare a ciki, a wanke rariyar mai. Notocin kai a ɗaure su a gicciye, kaɗan-kaɗan, zuwa awon littafi. Ƙananan kusoshin murfi ba sa son ƙarfi, zarensu a cikin alminiyam yake.

Tayarwa da horarwa

CG125 yana ɗaukar baƙin mai wajen lita ɗaya. A sa na babur mai alamar JASO MA, irin 20W-50 da ya dace da zafinmu. Wasu man motoci suna sa kuloci santsi. Kafin a sa fulogi a buga kiki sau da dama mai ya zaga, bayan ya tashi kuma a ɗaga murfin bawul a tabbatar mai ya iso sama. A Yamaha da Suzuki masu famfon mai, a fitar da iskar da ke cikin famfo da bututu, kuma a zuba ɗan man 2T, wato man tu-sitirok, a tankin farko don kariya. Vespa marar famfo, yawancinsu kashi 2 cikin 100 ne, wato mililita 20 a kowace litar fetur.

Kada a bar sabon inji yana sulo a tsaye na tsawon lokaci da sunan horarwa. Iska ce ke sanyaya shi, sai yana tafiya. A kilomita 500 na farko kada totur ya wuce rabi, a riƙa sauya gudu da giya, ban da goyo mai nauyi, ban da doguwar tafiya da tsakar rana. A juye mai bayan kamar kilomita 100, a sake a 500. Juye shi a kwano mai tsabta ka duba a rana: ɗan ƙyalli kamar gari a juyin farko ba abin tsoro ba ne, amma gutsattsarin ƙarfe ko na gam yana nufin a tsaya a bincika. A kilomita 500 ɗin ka mayar masa da babur da safe, inji na sanyi, ya sake auna bawul, ya bi notocin kai, ya duba launin fulogi, wanda ake so ya yi ruwan ƙasa-ƙasa, ba fari fat ba, ba baƙi mai maiƙo ba. In komai ya yi daidai, a nan ne za ka cika masa ragowar kuɗinsa, ka kuma rubuta lambar fistin da aka sa da ranar aikin ka ajiye tare da takardun babur.